Katin Hoto Daga Obiagu

Daga Alhaji Dakta Abdurrahim Bubayero,
Babban Daraktan Masu Wasan Kwamfuta na Afirka ta Yamma, Fatakwal.

Zuwa ga Malam Edwin, Obiagu, Inugu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, an shaida mana cewa kaf kudu babu wanda ya kai ka sanin cikin kwamfuta, ko da yake a wasan ƙwallo an ce golanka rariya ne.

Katin hoton kwamfutar ofishinmu ya gaji. 'Yan wasa suna tafiya a kan allo kamar shanun da aka sauke daga tirela. Muna neman wanda ya fi shi, mai rahusa, don kuɗin ƙungiya suna ƙasar waje. Wani ɗan kasuwa a Fegge ta Anaca ya nuna mana biyu a farashi ɗaya: sabo mai giga huɗu, da tokumbo mai giga takwas. Wanne za mu ɗauka?

Mun kuma samu ƙorafi cewa tun da ka koma Inugu wayarka ba ta shiga. Hukuma ba ta ji daɗi ba. Ka ba direban da ya kawo wannan takarda amsarka.

Wassalam.

*

Ranka ya daɗe,

Na gode da tunawa da ni. Ƙanwata Jemimah ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ku ɗauki tokumbon, amma sai an kunna shi a gabanku ya yi zafi, ku saurari fankarsa. In tana kuka, an gajiyar da shi wajen haƙo kuɗin kirifto, ku bar shi. Ku auna akwatin kwamfutar kada kati ya fi shi tsawo, ku duba ko tukunyar wutarta za ta iya ɗaukarsa.

Tunda kuna Fatakwal, ina da roƙo. A Kasuwar Oil Mill akwai wani mahauci, Yero, mai tsokanar tsiya. Tun muna yara muke buga ƙwallo da fad ɗaya, abin dannawar nan, a shagon gem, ni ina gudu da ɗan wasa ta hagu, shi yana harbi ta dama, mai shago yana zagin mu. Da muka girma muka haɗa kwamfuta tare, tana ɗakinsa. Na saya mata kati mai kyau in kai masa bazata. Kafin in kai, tifa ta bugi okadar da nake kai. An yanke mini hannun dama daga wuyan hannu.

Zan aiko muku katin ku ba shi. Ku ce masa na yi kuɗi na manta da mutane. Fushinsa zan iya ɗauka. Amma ranar da Yero ya dube ni ya kasa tsokanata, ranar na san na ƙare.

Na bar ku lafiya,
Edwin.

Ranka ya daɗe, Jemimah ce. Da na karanta masa wurin shanun tirela ya yi dariya, ta farko tun asibiti. Sai ya juya fuskarsa bango.

*

Fasto Edwin,

Ina gaisuwa. Ya jiki? Ka gaida Mama da Jemimah.

Babu wani Darakta. Babu ofishi. Ko Dakta ɗin, allo kawai na yi, ka sani. Na ce tunda ka ƙi amsa wa mahauci, bari in gani ko za ka amsa wa Alhaji. Ina cikin dariya na buɗe amsarka a bakin teburin nama. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, har maigida ya ce in tafi gida.

Duk watannin nan ina zaginka a raina, ashe kana kwance.

Kada ka aiko katin. Ranar Asabar zan naɗe kwamfutar a bargo in hau motar Inugu, ka tsaya a kaina kana masifa ina ɗaura shi. Fad ɗaya zan kawo. Hagu dama can naka ne. Harbi kuwa ko da hannu biyu ba ka taɓa iyawa ba.

Ni ne na rubuta, tun daga farko,
Yero.