Allurar girma tana cikin kulata

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin la'asar ɗin gobe, wallahi kaina ya kulle.

Ni matar aure ce daga Tiga, 'ya'yanmu uku. Mijina manomin rani ne, sati uku da suka wuce yana zuba fetur a injin ban-ruwa wuta ta tashi ta cinye masa ƙirji da hannuwa. Yanzu muna wani asibiti a Kano, ɗakin da ake ajiye masu rai kwakwai mutu kwakwai, ni ce mai jinya. Ba ya iya haɗiya, ta robar hanci ake ɗura masa abinci, wata madara ce da ma'aikatan asibitin suke aunawa da kansu. Ya rame, jama'a, mutumin da ke saɓa buhun albasa shi kaɗai yau zoben hannunsa ma ni nake riƙe da shi don ya daina zama.

To yana da wa a Dangora, duk gida Yaya muke ce masa, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Sana'arsa kiwon turka, ya saba in sa ya ƙi ƙiba a yi masa allura a ƙara masa dusa. Ban san wa ya ba shi labari ba, wai akwai allurar girma ta mutane, in aka haɗa ta da abincin robar nan tsoka za ta dawo, ciwo ya rufe da wuri. Na tambayi likita a gabansa. Likitan bai ɓoye ba, ya ce allurar gaskiya ce, yaran da girmansu ya tsaya ake yi wa, kuma an gwada ta a kan wasu masu ƙuna, amma mai hali irin na mijina tana iya haukata masa sukarin jini, har ta ƙarasa shi. Ya ce mu yi haƙuri da abincin a hankali. Yaya ya ce to, muna fitowa ya ce min ai likitoci tsoro ne ya yi musu yawa.

Jiya sai ga shi da 'yan kwalaben allurar a cikin ƙanƙara, ya ce in ajiye a kulata, gobe da la'asar lokacin dubiya zai zo da wani mai kemis ya yi masa allurar a ɓoye, ni in ja labule in tsaya a bakin gado. Na ce Yaya ba ka ji abin da likita ya faɗa ba? Ya ce shekara ashirin yana tayar da dabbar da ta kwanta, ba yau wata za ta koya masa jinya ba. Raina ya ɓaci, na ce mijina ba sa ba ne. Ai kuwa na jawo wa kaina! Ya kira Inna, surukata, tana kuka ta ce in ɗanta ya mutu da ramar nan alhakin yana wuyana, tunda ni na hana magani.

Ga inda na maƙale. In na faɗa wa nas, na san za a hana Yaya shiga ɗakin, Inna kuma ba za ta zo ba sai da shi. Mijina kuwa kullum idonsa na kan ƙofa, sai ya ga wansa yake yarda ya runtsa. In na zubar da kwalaben zai sayo wasu, wannan karon ba zan ma sani ba. In na yi shiru kuma, da hannuna na ja labulen.

Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba. Ku faɗa min gaskiya, in tona asirin Yaya ko da mijina zai cika babu ɗan uwansa ko ɗaya a kansa, ko akwai wata hanyar da ban gani ba?