Notin da Baba Ya Ɗaure

Ekalaka, Montana
9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Colter,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin tekun Alaska bai yi maka yawa ba. Kullum in mun zauna cin abinci Mama sai ta roƙi Allah ya dawo da jirginku lafiya. Mu duk lafiya lau. Kaka Opal ta daina tari, har ta koma faɗa da kaji.

Yaya, ka san ba na iya magana a waya, shi ya sa na rubuto. Na yi ɓarna a bindigarka, wadda kuka harhaɗa da Baba kafin ya rasu.

Diloli sun ɗauke mana 'yan tumaki biyu. Da Kawu Merle ya harba bindigar, sai ta ƙi tofar da kwanson harsashi. Ya ce ɗan ƙarfen nan da ke zagaye da bututun bindigar, mai mayar da hayaƙi baya, shi ne ya toshe, a bari sai ya samu sukuni. Ni kuwa na so ka dawo farautar barewa ka tarar na gyara maka. Ranar Asabar bayan karin kumallo na shiga garejin Baba. Notuna biyun da ke riƙe da ƙarfen suka ƙi juyawa, ko da na zuba musu mai. Sai na ɗauki guduma. Ƙarfen bai fita ba, ya dai matsa kaɗan, notunan kuma suka kafta wa bututun tsaga biyu masu zurfi.

Da Kawu ya gani, ya tambaye ni wai shingen shanu nake kafawa ko kuwa bindigar ce ta zagi uwata. Ya ce da ni 'yar maƙera, wai ko jaki an fi lallashinsa haka. Sai ya ga ina kuka. Ya ari tukunyar miyar Mama, ya tafasa ruwa, ya tsoma bakin bututun, muka zauna muna kallo. Bayan rabin awa notunan suka juya kamar ba su ba. Ashe wani gam Baba yake sa musu, wanda ba ya jin wuta ko duka, sai ruwan zafi. Kawu ya ce halin Baba ke nan, in ya ɗaure abu to ya ɗauru, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Kawu ya ce bindigar tana iya ci gaba da harbi daidai, amma tsagar ba ta gogewa. Ba wannan ne ya fi damuna ba. Na tuna ranar da ka hana ni ko goge ta, ka ce duk notin da ke jikinta hannun Baba ne ya ɗaure shi. Na ɗauka tsatsa nake duka, Yaya. Da na sani ƙeya ce.

Ban bari Kawu ya yar da notunan ba. Ɗaya na cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a takarda, da sauran farin gam ɗin Baba a jikinsa. Kada ka kankare. Ɗayan yana wurina, in ka ce ban cancanci riƙe shi ba, zan ba ka.

Mama da Kaka Opal da Kawu Merle suna gaishe ka. Ka gaida abokin aikinka Dell.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Lorna