Ƙarshen Fim ɗin Nan, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Sisiliya,

Na durƙusa na gaishe ki, gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina cikin hutun da kika yi ta roƙo. Mu nan Potiskum muna lafiya, Baba ma da sauƙi, sai gwiwar nan tasa. Na haihu, mace, kuma ranar Lahadi za a yi mata baftisma da sunanki. Damuwata ita ce, tun ranar da aka fito da akwatinki ban sake taka ƙofar coci ba, kuma ban san da wace fuska zan shiga ba.

Kin tuna kaset ɗin nan namu na bidiyo? Tsohon fim ɗin Turawa marar kala, na yarinyar ƙauye da ta ga Budurwa Maryamu a bakin kogo, ruwa ya ɓuɓɓugo a wurin, marasa lafiya suna sha suna warkewa. Duk Lahadi da aka dawo daga Misa, in dai akwai wuta, sai kin sa shi. Ba ki jin Turanci ko na sayen gishiri, amma ke ce mai fassara, kuma ba wanda ya isa ya yi miki gyara.

Maƙwabciyarmu Iya Hauwa, matar Alhaji mai shanu, takan shigo da ƙwaryar furarta ta zauna gaba-gaba. Cewa take yi Nana Maryamu ai ta kowa ce. In manyan garin suka fara tuhumar yarinyar suna cewa ƙarya take yi, ku biyu kuke haɗuwa ku yi musu tas. Ke ki nuna allon da ludayi: “Ji ƙeya! Don kai ba ka gani ba, sai ka ce babu?”

Fim ɗin yakan ƙare ne a inda yarinyar ta hau keken doki za ta gidan sistocin coci, tana waiwaye. Daga nan sai allon ya cika da yashi, ya hau shuu. Ki tashi ki kashe, ki ce: “Shi ke nan, ta je ta tsufa cikin lafiya.”

Ni kuwa lokacin sikila na cin ƙashina. Da damina ta sauka sai ciwon ya tashi, in yi ta ihu har maƙwabta su ji. Kina gasa mini gaɓoɓi da ruwan ɗumi, kina cewa ai yarinyar fim ma ba lafiya gare ta ba, ga shi ta girma. Wallahi da maganar nan na rayu. In na ji kamar zan mutu, sai in tuna keken dokin nan.

Da ciwon ƙoda ya kama ki, Fadan cocinmu ya ba ki 'yar kwalbar roba mai siffar Maryamu, da ruwan kogon nan na fim a ciki. A murfin kwalbar kike sha, kaɗan-kaɗan, kafin mu hau motar Damaturu wankin ƙoda. Ba ma kai Damagum sai kin ɗaga zane kin nuna mini ƙafarki: “Kin gani, Monika? Kumburin ya fara saɓewa.” Ni kuma in yarda, don so nake in yarda.

Ba ki warke ba. Kin san bakina ba linzami. A zaman makoki, gaban jama'a, na miƙa wa Fada kwalbarsa na ce ya kai wa wani. Shekara uku ina fushi, da coci, da Maryamu, har da ke. Ina cewa an samu mace mai sauƙin kai an cika mata zuciya da tatsuniya.

Makon jiya, ina zaman jego, na ci karo da fim ɗin a waya. Na ce bari in gani ko zan ji muryarki a ciki. Aka zo keken doki, na kai hannu zan kashe, sai na ga fim bai tsaya ba. Ashe da saura, Mama! Yarinyar ba ta tsufa ba. Ciwo ne ya ci ƙashin ƙafarta, ruwan da ya warkar da wasu bai warkar da ita ba, ta mutu da ƙuruciyarta.

Ban jira la'asar ba na saɓi jaririya na nufi wurin Baba, ina huci. Na ce ka gani ko, mai kaset ya cuci Mama, rabin labari ya sayar mata, ta mutu ba ta san gaskiya ba. Sai Baba ya ce ranar da kika sayo kaset ɗin, ina makaranta, ku biyu kuka kalle shi har ƙarshe. Kika share hawaye, kika ɗauko reza da kwalbar jan farcenki, kika sa shi ya kwance kaset ɗin ya yanke wutsiyar ya liƙe da jan farcen. Ya ce abin da kika faɗa kawai shi ne: “Monika ba za ta ga wannan ba.”

Wayyo Mama. Ashe kin sani. Kin san ana iya ganin Maryamu ido da ido kuma a mutu da ciwo, amma ba ki taɓa fashin Misa ba, carbinki bai bar hannunki ba. Kuma ƙafar nan da kike nuna mini a mota, kin san ba ta saɓe ba. Reza kika sake ɗauka, ni kuma na zauna kamar da, ina kallon inda kika tsayar mini.

Ba zan yi miki ƙarya in ce shakkata ta tafi ba. Tana nan daram. Amma ranar Lahadi zan ɗaura zanenki mai ruwan bula, in rungumi takwararki, in shiga. In bakina ya kasa amsa wa Fada, ki amsa mini daga can.

Ubangiji ya ba ki madawwamin hutu, ya haskaka ki da haskensa. In kin haɗu da yarinyar nan, ki gaishe ta, ki ce mata na ga sauran.

'Yarki da kika ɓoye wa ƙarshen labari,
Monika