Ƙorafi Kan Tayoyin Motar Asibiti da Dakatar da Baba Direba

Daga:
Babbar Ma'aikaciyar Jinya,
Sashen Asibitin Tafi-da-Gidanka.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sufuri da Kayan Aiki,
Hedikwatar Hukumar Lafiya.

Litinin, 31 ga Yuli, 2023.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUYA TAYOYI DA WILIN MOTA MAI LAMBA TA UKU, HAƊARIN RANAR 18 GA YULI, DA DAKATAR DA DIREBANMU

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Shekara goma sha ɗaya nake shugabantar wannan sashe ban taɓa tsallake ofishin kowa na rubuto maka ba. Yau na tsallake, ina kuma roƙon afuwa.

1. Mota mai lamba ta uku, mai jan taya huɗu, ita kaɗai ke kai mu ƙauyuka tara da ke bayan rafi. Mai tuƙa ta shi ne dattijon da duk ma'aikata ke kira Baba Direba. Shekararsa ashirin da shida a aikin hukuma, ko madubin mota bai taɓa fasawa ba. Wata tara ya rage masa ya yi ritaya.

2. Ranar Litinin, 3 ga Yuli, aka kira motar gareji domin sauya tayoyi. Tun zuwanta tana kan siraran tayoyi masu lamba 7.50R16 da wilin ƙarfe, waɗanda ke zaune daidai cikin jikin mota. Sabon shugaban gareji ya ba da umarni a cire su, a sa masu faɗi, lamba 285/75R16, a kan wili mai ƙyalli. Yallaɓai, ni ba makanike ba ce, amma Baba Direba ya nuna mini da hannunsa har na gane. Kowane wili yana da zurfin da yake zama a kan mota: wani yana shigar da taya ciki, wani yana turo ta waje. Sabon wilin mai turowa ne. Da aka sauke motar daga jak, tayoyin sun leƙo waje da jikinta da yatsu huɗu.

3. A nan take, a gaban makanikai uku, Baba Direba ya nuna rashin amincewarsa cikin ladabi. Ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya zura hannu tsakanin tayar gaba da bakin ƙarfen da ke samanta, yatsa biyu suka shiga da ƙyar. Ya yi bayanin cewa wannan fa motar ba kaya ke nan. Idan aka ɗora firijin allura, da akwatunan magani, da mutum huɗu, ta faɗa rami, ƙarfen zai zauna a kan tayar. Ya ƙara da cewa taɓon hanyarmu siririyar taya yake so, wadda ke yanka shi ta taɓa ƙasa mai ƙarfi, mai faɗi kuwa sai dai ta yi ta iyo a sama. Shugaban gareji ya yi dariya, ya amsa masa da cewa yanzu ne motar ta yi kwarjini, shi kuma tsoho ya tsaya a tuƙi, ya bar wa waɗanda suka yi karatun abin su yi aikinsu. Makanikan suka sunkuyar da kai.

4. Ranar Laraba, 5 ga Yuli, Baba Direba ya same ni a ofis, ya roƙe ni in rubuta masa takardar jan hankali, domin a cewarsa rubutunsa ko shi kansa ba ya iya karantawa idan ya kwana biyu. Ya faɗa, na rubuta, ya sa hannu. A ciki ya ambaci gogar taya da ƙarfe, da nauyin da zai ƙaru a kan boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, da kuma cewa an bar masa tsohuwar safaya alhali notin sabon wili ba ya kama tsohon. Da kansa ya kai takardar gareji, aka buga mata hatimin karɓa. Yau an ce babu ita a fayil. Kwafinta mai hatimi yana hannuna, na kuma haɗa hotonsa da wannan takarda.

5. Ranar Talata, 18 ga Yuli, ita ce ranar rigakafi a ƙauyen da ya fi nisa. An yi ruwa da asuba. Baba Direba ya nemi mu ɗage tafiyar zuwa washegari ƙasa ta sha iska. Ranka ya daɗe, a nan dole in faɗi abin da ya fi komai yi mini nauyi: ni ce na ƙi. Na tuna masa cewa sau biyu muna ɗage wa matan ƙauyen, kuma wasunsu tafiyar awa biyu suke yi da goyo. Ya dube ni, ya amsa da to, 'yata, ya ɗauki makulli.

6. Da misalin ƙarfe goma da rabi na safe muka iso gangaren rafi, inda hanya ke yin kwana mai tsanani zuwa hagu. Tafiyar da yake yi, mai tafiya a ƙasa zai iya wuce mu. Yana karya kwanar, tayar gaba ta dama ta faɗa rami, muka ji ƙarfe ya ci roba, sai ƙarar fashewa. Motar ta zame a taɓo, ta kwanta da gefenta a jikin gaɓar kwari. Da bai sakar mata sitiyari ta bi gaɓar ba, da cikin ruwa za mu faɗa, rafin kuwa a cike yake. Ma'aikaciyar gwajin jini da ke zaune a baya ta karye a wuyan hannu. Wata huɗu ke nan da ɗaukarta aiki.

7. Manoma suka taimaka muka tayar da motar, amma safaya ta ƙi ɗauruwa, kamar yadda takardar 5 ga Yuli ta faɗa. Awa shida muka yi a wurin. Firiji ya mutu, allurar yara ɗari da tamanin ta lalace a gabana ina kallo. Baba Direba ya cire hularsa ya ɗora a kan akwatin allurar don ya tare masa rana, shi da ya san hakan ba zai yi komai ba. Matan ƙauyen sun jira har la'asar sannan suka watse.

8. Ranar Alhamis, 20 ga Yuli, aka miƙa masa takardar dakatarwa bisa zargin tuƙin ganganci. Rahoton da aka dogara da shi shugaban gareji ne ya rubuta, wato wanda ya zaɓi tayoyin shi ne ya binciki laifinsu. Ba a tambaye ni ba, ba a tambayi wadda ta karye ba. Tayar da ta fashe, wadda yankan ƙarfe ke kwance a gefenta kamar an ja wuƙa, an ce an zubar da ita.

9. Yallaɓai, tun ranar ban ji ya ɗaga murya ba. Matarsa ce ta zo ofishina makon jiya. Ta shaida mini cewa kullum da safe yana sa rigar aiki ya zauna a tsakar gida, ba ya fita, don kada maƙwabta su tambaye shi mota. Abinci sai ta tsaya a kansa. Ta tambaye ni ko gaskiya ne za a rubuta masa ganganci a takardar sallama bayan shekara ashirin da shida. 

10. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, an sa irin waɗannan tayoyi da wili a motoci masu lamba ta biyar da ta shida. Ta shida ita ce mai ɗauko mata masu naƙuda, kuma ta wannan gangaren take bi.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Darakta:

a) Ya sa a tsayar da motoci ta biyar da ta shida har sai an mayar musu da taya da wili na asali, tare da safaya da noti masu dacewa.

b) Ya naɗa injiniya daga wajen garejin ya auna motar tana ɗauke da cikakken kayanta, sitiyari a murɗe, a gaban Baba Direba.

c) Ya janye takardar dakatarwa, a goge kalmar ganganci daga fayil ɗinsa.

d) Ya sa a binciki yadda takarda mai hatimin karɓa ta ɓace.

Idan kuwa hukuma ta ga lallai sai an tuhumi wani a kan fitar da mota a wannan rana, to ni ce na ba da umarnin, shi biyayya ya yi. A aiko takardar tuhumar da sunana, zan amsa ta.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya yi masa jagora a kan gaskiya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu da hatimi)
Babbar Ma'aikaciyar Jinya,
Sashen Asibitin Tafi-da-Gidanka.