Takardar da ka bari a ƙarƙashin naɗi

Zuwa ga aminina Injiniya Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Legas, yaya sabon ofis? Nan Katsina muna nan kalau, sai dai zafi. Na rubuto maka a fili, inda kowa zai karanta, don na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka.

Kai ka koya mini aikin nan, ba zan ɓoye ba. Na zo kamfani ban san komai ba sai haƙa rami da jan waya. Kai ka zaunar da ni a ofishinmu na Ƙofar Ƙaura, ka nuna mini zaren gilashin da ke cikin wayar faiba, siriri kamar gashi, ka ce duk kiran da mutane ke yi ta cikinsa yake bi, a matsayin haske, har ya kai ƙarfen sabis.

Ka ce idan tafiya ta yi nisa hasken bajewa yake yi, wani sashe ya riga wani isa, saƙon baya ya hau na gaba, magana ta dagule. Maganinsa a saka naɗin wata waya ta musamman a ƙarshen layi, mai riƙe masu sauri har na baya su cim musu. Amma sai tsawon naɗin ya dace da tsawon layin. Kullum kana cewa, “Sada, a auna layi da na'ura, kada a yarda da taswira.” Har barkwanci nake maka da ita, ina kwaikwayon muryarka.

Ka tuna layin da muka ja zuwa ƙauyukan yamma? Kai ka yi lissafin naɗin, ni na haɗa. Al'adarmu ce wanda ya yi haɗi ya rubuta sunansa a cikin murfin akwatin da naɗin yake ciki. Na rubuta nawa da manyan baƙaƙe, ina alfahari. Daga nan muka wuce Ƙofar Marusa muka sha fura, kai ka saya.

Ba a yi sati ba ƙorafi ya fara zuwa. Kira yana yankewa, murya tana kakkarye. Wata mata ta zo har ofis tana kuka, mijinta na asibiti, ta kasa samun 'yan'uwansa a ƙauye. Manya suka buɗe akwati, suka ga sunana.

Kana zaune a gefena ranar da kwamitin bincike na kamfani ya kira ni. Suka tambaya ko akwai mai magana. Na waiwaya na dube ka, Lawal. Kana kallon takalminka. Bayan kwana kaɗan takardar ƙarin girmanka zuwa Legas ta fito, ni kuma aka dakatar da ni. Ko sallama ba ka shigo ka yi wa Inna ba, ita da take ajiye maka tuwo kamar ɗan cikinta. Har yau tana tambayar ka, ni kuma ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa.

Wata huɗu ina zargin hannuna. Na daina yarda da abin da na iya.

Shekaranjiya wanda aka ba gyaran layin ya ciro naɗin, ya tarar da takardar lissafi a ƙarƙashinsa, ya kawo mini gida. Rubutunka ne, na san yadda kake karkata lambar bakwai. A sama ka rubuta cewa daga taswira ka ɗauki tsawon. Taswirar ba ta san mun yi dogon zagaye saboda aikin titi ba, ba ta san rarar wayar da muke naɗewa a kowane rami ba. Naɗin ya gaza, kuma ka sani tun ranar farko.

Kuskuren bai dame ni ba, kowa na yi. Shirun ne ya ci ni. Da ka buɗe baki, da tare za mu sha faɗan, ni ma zan ce da hannuna a ciki.

Ranar Litinin kwamiti zai zauna ya yanke ko za a sallame ni gaba ɗaya. Zan kai musu takardar. Ina da 'ya'ya uku, kuma sunan nan shi kaɗai gare ni. Ban so ka ji a bakin wani ba, shi ya sa na fara gaya maka. Har yanzu lambata ba ta canza ba, idan kana so ka riga ni faɗa musu.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya raya maka zuri'a, ya ba ni ikon yafe maka, don yau ban iya ba tukuna.

Wanda ya waiwaya ya dube ka,
Sada