Hoton Wasu a Wayar Ɗana

Zuwa ga Shugaban Masu Sayar da Waya da Gyaranta na Kasuwarmu, Mubi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya kasuwa, ya iyali, ya haƙuri da irinmu masu kawo waya mu ce ta lalace alhali caji ne ya ƙare?

Sunana Buba, mai facin taya a bakin tasha. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, kuma ba korata aka yi ba, ni na tausaya wa malaman. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi a zuciyarka. Na yi ta zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuta a fili. Maganar ɗana Haruna ce, mai saro wake daga garin Uba.

1. Bayan mun dawo daga gudun hijira, Haruna ya sayi wayar shafawa a shagon wani ɗan ƙungiyarku. Ba zan faɗi sunansa a fili ba, yana da iyali, amma na bar maka shi a rubuce a ofishinka. Wayar ta nemi imel kafin ta yi aiki. Haruna kuwa kaina ya gada, bai san imel ba. Mai shago ya ce kada ya damu, ya saka masa nasa. Ashe haka yake wa duk wanda ya zo ba imel: guda ɗayan nan, lambar sirri ɗaya, a sallame ka a kira na baya.

Abin da ba a gaya mana ba, irin wayar nan duk hoton da ta ɗauka tana aika shi wani rumbu a intanet, wanda yara ke kira kilawud. Imel ɗaya, rumbu ɗaya. Kowa na zubawa, kowa na gani.

Mun ga alama, muka mai da ita wasa. Yau ka ga taron suna a Kwaja, gobe saniyar wani, jibi wani ƙato da singileti yana yi wa kansa murmushi. Ni na ɗauka gyara ce irin ta waƙoƙin da kuke tura wa mai saye. Har saniyar na taya a raina.

2. Bayan Sallar Layya, a shingen bincike tsakanin Uba da Mubi, aka sauke fasinjoji ana duba wayoyi kamar kullum. A wayar Haruna aka ga hoton samari riƙe da bindigogi a gindin bishiya. Ko maharba ne masu tsaron gari, ko wasu ne daban, ban sani ba, Haruna ma bai sani ba. Ban ga laifin jami'an ba. Duk wanda ya bar garin nan da ƙafa da yara a kafaɗa ya san dalilin binciken. Da ni ne a cikin kakin, Allah ya rufa wa kakin asiri, ni ma da na riƙe shi.

An tsare shi kwanaki. Da ƙyar aka ba da belinsa, mai unguwarmu ya tsaya masa. Wayar tana hannunsu, yana zuwa sa hannu kowane mako, kuma an hana shi barin gari. Babu Uba, babu wake. Abokansa sun fara gaishe shi daga nesa. Mahaifiyarsa ta daina dariyar barkwancina, ko da yake da ma ba ta cika yi ba.

3. Maƙwabcina mutumin Michika yana da 'ya lauya, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, irin wanda ake wa ɗan aji huɗu. Ta ce hukuma wanda aka samu abu a hannunsa take fara tambaya. Kamfanin da ke riƙe da rumbun yana ƙasar waje, ba zai amsa wasiƙar mai faci ba, kuma a wurinsa mai imel shi ne mai kaya. Ta ce abin da zai wanke Haruna yana cikin rumbun nan, domin hoto yakan zo da shaidar irin wayar da ta ɗauke shi da lokacin. In aka buɗe, za a ga wayoyi barkatai ne ke zubawa. Ta ƙara da abin da ya shafe ku: wanda ya sa hotunan matan mutane da takardunsu a hannun baƙi ba da izininsu ba, duk wanda ya ji haushi yana iya kai shi kotu.

4. Na je wurin mai shagon. Ya dube ni ya ce bai san ni ba, ni da na liƙe masa taya har ba sauran wurin liƙi. Ban yi fushi ba, tsoro ne, kuma na san tsoro, tare muka yi gudu da shi. Amma yanzu na ji yana shirin goge rumbun gaba ɗaya don ya huta. Ranka ya daɗe, wannan ne ya sa na ɗauki biro. In ya goge, hoton bindigar yana nan a wayar da ke hannun hukuma, babu mai iya nuna inda ya fito. Shi kuma ya tashi daga mai ganganci ya koma mai ɓatar da shaida. Lauyar ta ce wannan ya fi na farko nauyi.

Ga roƙona.

Ka kira mai shagon yau, kada ya taɓa komai a rumbun nan.

Ka raka shi wurin hukuma, da sunan ƙungiya, ya faɗi gaskiya cewa imel ɗinsa ne kuma mutane da yawa ke kai. Lauyar ta yarda ta je tare da ku. Ba na neman a ɗaure shi, ba na neman diyya.

Ka hana wannan ɗabi'a a kasuwa. Kowane mai saye a buɗe masa nasa, ko da layi zai kai bakin titi. Waɗanda aka riga aka haɗa a rumbu ɗaya kuma a neme su a gaya musu, domin suna yawo da kayan da ba su san suna ɗauke da shi ba, kuma shingen yana nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare shagunanku daga wuta da ɓarawo, ya zaunar mana da garinmu lafiya.

Ranar Litinin Haruna zai koma sa hannu. Zan rufe faci in zauna a bencin ƙofarka tun da safe. Ka gaya wa mai shagon in mun je wurin hukuma ni zan shiga gaba, shi yana bayana. In akwai wanda za a riƙe, a fara da ni. Tayoyin Mubi za su jira, yaron nan ne ba zai iya ci gaba da jira ba.

Wassalam.

Naka,
Buba mai faci,
Mubi.