"Ba Laifi" Na Ce, Ban Ce Babu Aibu Ba

Zuwa ga Malam Habu, shugaban zauren intanet na 'yan Nijar masoya kiɗan rock a Faransa, mazaunin Paris.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Sunana Nana Fatsuma, ina aji biyu a kolej, wato ƙaramar sakandare, gidanmu yana unguwar Minguettes a Vénissieux, kusa da Lyon. Ba ni da yawan magana, ko a aji ba na ɗaga hannu. Na rubuto muku saƙo ta talho, wato waya, a keɓe, na ga kun karanta, ba ku amsa ba. Shi ya sa na kawo maganar fili. Ku yi mini afuwa.

Watan jiya kun tambayi zaure game da mawaƙan nan huɗu na Lyon, masu fitar da waƙarsu da kansu ba tare da babban kamfani ba: cikin faya-fayansu wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi rauni? Kusan kowa ya ce na biyu ne gwani, ni ma haka. A na biyu ganga tana da rai, muryar mawaƙin tana shaƙewa amma ba ya fasawa. Na uku kuwa an goge shi an shafa masa mai har ba a gane su. Waƙa biyu ce ta kirki, saura kamar kiɗan da ake sakawa a kanti. Wasu sun zage shi ƙwarai. Ni kunya ta hana ni, don nakan ga mai gangar a tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da jakarsa. Sai na rubuta: "Ba laifi."

Ga abin da ya dame ni.

Na ɗaya. A takardar tallan wasan da za su yi a Paris an buga da manyan baƙaƙe: « Sans faute ! », a ƙasa aka sa "Nana F., Vénissieux". Wato wai na ce faifan ba shi da kuskure ko ɗaya. Malam, ku mutumin Damagaram ne. Idan Inna ta ɗanɗana miyata ta ce "ba laifi", na san gishiri ya yi yawa, rufa mini asiri take yi. Ba na jin akwai Bahaushen da bai san wannan ba.

Na biyu. Wani a zaure ya ce ƙila na'urar fassara ce ta juya maganar. Na so in yarda. Amma na'ura ba ta zaɓar maganar da za a kai wa mawaƙa. Wanda ya ce faifan "sai a hankali" ba a kai tasa ba, sai tawa, ni da aka san ba na gardama.

Na uku. Ranar da na yi tambaya a zaure kan takardar, sai na nemi rubutuna na farko na rasa. An goge shi, kuma ku kaɗai kuke iya gogewa. Sannan na ga tambarin zaurenmu a ƙasan takardar, cikin masu taya sayar da tiken shiga wasan. Ban ce kun ci wani abu ba, Allah ne masani. Na dai faɗi abin da idona ya gani.

Na huɗu, shi ne babba. Ƙawata ɗaya ce a lakwal, wato makaranta, Ines, ba ta jin Hausa. Ita ta fara sa mini faifai na biyu a kunne, tare kuma muka ji na uku muka ɓata rai. Da ta ga sunana sai ta ce ashe fuska biyu gare ni, an ba ni tike kyauta na sayar da bakina. Na yi mata bayanin "ba laifi", ta ce in nuna mata inda na rubuta. Ba ni da abin nunawa. Tun ranar ta daina jirana a bakin tiram.

Don haka ina roƙonku, don Allah, ku maido da rubutuna yadda yake, ku sa a cire sunana daga takardar. Kuma ku rubuta a shafin mawaƙan, da Faransanci, cewa ban ce haka ba, ku faɗi ainihin ma'anar kalmar. Daga bakinku Ines za ta fi yarda. Ba na son tike, ko an ba ni Baba ba zai bar ni in je Paris ba. Litinin ake komawa lakwal, kuma benci ɗaya muke zama da Ines. Ina fatan kafin nan ta karanta.

Allah ya ƙara muku girma, ya raya zuri'a, ya sa ku fi ƙarfin abin da zai sa ku karkata maganar wani.

Wassalam.

Nana Fatsuma, Vénissieux.